Me ya sa wasu ke komawa ga kyamarar fim a zamanin dijital?

A watan Yunin shekara ta 2024, kamfanin Ricoh na ƙasar Japan ya fito da wata sabuwar kyamara mai suna Pentax 17, wadda ba ta da allon duba hoto, ba ta da katin ajiya, kuma tilas mai ita ya murza wani ɗan hannu da babban yatsansa bayan kowace ɗauka kafin ya iya ɗaukar hoto na gaba.

Kyamarar dai da fim take aiki, wato siririyar ledar nan mai naɗi da ake sakawa a cikin kyamara, a ɗauki hotuna, sa'annan a kai wa masu wanki. An sa mata kuɗi kimanin dala 500, kuma ita ce kyamarar fim ta farko da aka ƙera da sunan Pentax cikin kusan shekaru 20.

Shekaru biyu kafin nan, kamfanin Leica na Jamus ya koma ƙera samfurinsa na M6 wanda ya fara fitowa a shekara ta 1984, a kan kuɗi sama da dala 5,000.

Hakan kuwa na faruwa ne a lokacin da kusan kowa ke yawo da kyamara a aljihunsa, a jikin wayar salula, wadda ke ɗaukar dubban hotuna ba tare da an biya ko kwabo ba. Abin tambaya a nan shi ne, mene ne ke sa mutane, akasarinsu matasan da ba su san zamanin fim ba, ke zaɓar hanyar da ta fi tsada, ta fi jinkiri, ta kuma fi wahala?

Yadda kasuwar fim ta durƙushe

Kamfanin Kodak na Amurka, wanda George Eastman ya kafa, shi ne ya kai sana'ar ɗaukar hoto hannun talaka. A shekara ta 1888 ya fara sayar da kyamara ɗauke da fim mai cin hoto 100, idan ya cika sai a mayar da ita ga kamfanin a wanke hotunan.

Wani abin mamaki shi ne, a cikin wannan kamfani ne aka ƙera kyamarar dijital ta farko. A shekara ta 1975, wani injiniya mai suna Steven Sasson ya harhaɗa wata na'ura mai nauyin kilo uku da rabi, wadda kan ɗauki daƙiƙa 23 kafin ta adana hoto guda, fari da baƙi, a kan kaset.

Cinikin fim mai launi a duniya ya kai ƙololuwarsa ne wajen shekara ta 2000. A cewar kamfanin Fujifilm na Japan, cikin shekaru goma bayan nan buƙatarsa ta ragu zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin goma.

Daga nan sai manyan kamfanoni suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Ilford na Birtaniya ya shiga matsalar kuɗi a shekara ta 2004, AgfaPhoto na Jamus ya karye a 2005, a watan Janairun 2006 kuma Nikon ya ba da sanarwar daina ƙera akasarin kyamarorinsa na fim.

Polaroid ya daina yin fim ɗinsa mai fitar da hoto nan take a 2008. A shekara ta 2009 Kodak ya dakatar da Kodachrome, fim mai launi da aka yi shekara 74 ana amfani da shi, kuma gidan wanki na ƙarshe da ya iya wanke shi, a garin Parsons na jihar Kansas, ya daina karɓarsa a ƙarshen 2010.

A watan Janairun 2012, shi kansa Kodak, wanda a shekara ta 1988 yake da ma'aikata kimanin 145,000, ya nemi kotu ta ba shi kariya daga masu binsa bashi.

Sai dai ita ma kyamarar dijital ba ta daɗe tana cin kasuwarta ba. Alƙaluman ƙungiyar masu ƙera kyamara ta Japan sun nuna cewa an fitar da sama da miliyan 120 a shekara ta 2010, amma ya zuwa 2020 adadin ya dawo ƙasa da miliyan 10, saboda wayar salula ta karɓe aikin.

Yadda kyamarar hannu ke aiki

Domin fahimtar abin da ke jan hankalin masu komawa ga fim, wajibi ne a san yadda shi kansa aikin yake.

Fim dai leda ce da aka shafa wa wani abu mai kama da danƙo, wanda ake samu daga ƙashi da fatar dabbobi. A cikinsa akwai ƙananan ƙwayoyin sinadarin azurfa waɗanda ido ba ya gani, masu sauyawa da zarar haske ya taɓa su.

Idan aka ɗauki hoto, surar takan kwanta a jikin fim ɗin a ɓoye. Sai an tsoma shi cikin sinadarin wanki a wuri mai duhu, sa'annan ƙwayoyin da haske ya taɓa su koma baƙaƙe. Wani sinadarin kuma ya wanke sauran waɗanda haske bai taɓa ba, domin hoton ya tabbata.

Abin da ake samu shi ne nagetif, inda fari kan fito baƙi, baƙi kuma ya fito fari. Daga shi ne ake buga hoto a kan takarda. Fim mai launi kuwa yana da shimfiɗa uku manya, ɗaya mai karɓar shuɗi, ɗaya kore, ɗaya ja.

A kyamarar da ake sarrafawa da hannu, abubuwa uku ne ke wuyan mai ɗauka. Na farko, ya murza gilashin gaba har abin da yake son ɗauka ya fito sarai. Na biyu, ya zaɓi faɗin ƙofar da haske zai bi ya shiga. Na uku, ya zaɓi tsawon lokacin da marufin kyamarar zai kasance a buɗe, wanda kan kama daga daƙiƙa guda zuwa kashi ɗaya cikin 1,000 na daƙiƙa.

Kowane zaɓi yana da sakamakonsa. Ƙofa mai faɗi kan sa bayan mutum ya dusashe, shi kuma ya fito fili. Buɗewa mai sauri kan tsayar da dokin da ke sukuwa cak, mai jinkiri kuma ta bar shi da alamar gudu.

Shi kuma fim ɗin yana da lambar da ke nuna saurin karɓar haskensa, kamar 100 ko 400, kuma ba a iya sauya ta sai naɗin ya ƙare. Tsofaffin masu hoto suna da wata ƙa'ida da suke haddacewa: idan rana ta take, a sa ƙofar haske a kan lamba 16, a daidaita saurin marufi da lambar fim ɗin.

Kyamarori irin su Pentax K1000, wadda aka ƙera daga 1976 zuwa 1997, da Nikon FM2 ta shekarar 1982, da ƙarfe da waya mai tsalle da ƙananan haƙora suke aiki kamar agogon wani. Batirin da ke cikinsu na ma'aunin haske ne kawai, ko ya mutu kyamarar za ta ci gaba da ɗauka.

Ƙarancin da ya zama riba

Dalilin farko da masu sha'awar fim kan kawo shi ne ƙarancin hotunan. Naɗin fim mai faɗin milimita 35 yana cin hoto 24 ne ko 36, kuma kowane ɗaya kuɗi ne.

Wanda ya san cewa hoto 36 kaɗai yake da su ba ya danna maɓalli barkatai. Yakan tsaya ya dubi inda haske ya fito, ya gyara tsayuwarsa, ya jira har abin da yake nema ya faru. Masu wannan ra'ayi na cewa wayar salula ta sa ana ɗauka kafin a duba, fim kuwa yana tilasta a duba kafin a ɗauka.

Wannan ne ma ya sa har yanzu wasu makarantun koyon zane da ɗaukar hoto a Turai da Amurka ke fara ɗalibansu da kyamarar hannu da ɗakin duhu. Idan hoto ya lalace, ɗalibi ba shi da na'urar da zai ɗora wa laifi, dole ya binciko inda ya kuskure.

Dalili na biyu shi ne jira. Tun da babu allo a bayan kyamarar, mai ɗauka ba ya sunkuyar da kai yana duba abin da ya samu, hankalinsa yana kan mutanen da ke gabansa. Hotunan kuwa ba zai gan su ba sai bayan kwanaki ko makwanni.

Duk wanda ya girma a garuruwa irin su Kano ko Damagaram kafin zuwan wayar salula ya san wannan jira. Akan ci ado ranar Sallah, a je wurin mai hoto ko a kira shi gida, sa'annan a yi ta zirga-zirga ana tambaya ko an wanko. Wani lokaci kuma amsar ita ce hoton ya ƙone, wato haske ya shiga ya ɓata fim ɗin.

Abin da a da ake ɗauka a matsayin wahala, shi ne wasu matasan yanzu ke biyan kuɗi domin su ɗanɗana. Masu sukar lamarin na ganin ɗoki ne kawai na abin da ya wuce, domin Hausawa na cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Sai dai da yawa daga cikin masu sayen fim a yau ba su da wata bara da za su tuna, tun da an haife su ne bayan kasuwar ta faɗi.

Dalili na uku shi ne kamannin hoton. Ƙwayoyin azurfar da ke jikin fim a warwatse suke, ba a jere suke layi-layi kamar ɗigon hoton dijital ba, don haka hoton kan fito da wani ɗan tsaki-tsaki mai laushi. Kazalika nagetif mai launi yana jure yawan haske, ta yadda farar riga a tsakar rana ba ta rasa zanen aikinta da sauri.

Kowane irin fim kuma yana da launinsa. Portra na Kodak ya yi suna wajen fitar da launin fatar mutum, Velvia na Fujifilm wajen ƙarfin kore da shuɗi, Tri-X da HP5 kuma wajen fari da baƙi. Lokacin da aka buɗe dandalin Instagram a shekara ta 2010, abin da ya fara jawo masa jama'a shi ne dabarun da ke mayar da hoton waya kamar na tsohon fim. Daga kwaikwayon ne wasu suka tashi neman na asali.

Abin da hannu ke iya riƙewa

Akwai kuma batun ajiya, wanda ya fi duk sauran muhimmanci ga masu nazarin tarihi.

Nagetif abu ne da ake riƙewa a hannu, a ɗaga shi sama a ga abin da ke ciki ba tare da wuta ko kwamfuta ba. Idan na fari da baƙi ne, aka wanke shi da kyau, aka kuma ajiye shi a wuri mai sanyi marar laima, yana iya wuce shekara 100.

Misali mafi kusa yana yammacin Afirka. Seydou Keïta ya buɗe shagon ɗaukar hoto a Bamako a shekara ta 1948, kuma an san shi da ɗaukar kowane mutum sau ɗaya tak, saboda tsadar kayan aiki. Ya adana dubban nagetif ɗinsa, shi ya sa lokacin da masu baje kolin zane-zane suka gano shi a farkon shekarun 1990, aka iya sake buga hotunan manya-manya. An nuna su a birnin Paris a 1994, kuma a yau suna cikin manyan shaidun yadda mutanen Bamako suka rayu kafin samun mulkin kai.

Ɗan ƙasarsa Malick Sidibé, wanda ya ɗauki rayuwar matasan Bamako a shekarun 1960, ya samu lambar yabo ta Zakin Zinariya a bikin baje kolin birnin Venice na ƙasar Italiya a 2007. A Nijeriya kuma, J.D. 'Okhai Ojeikere ya fara ɗaukar nau'o'in kitson mata a shekara ta 1968, ya tara kimanin 1,000.

Hoton dijital kuwa yana buƙatar na'ura da manhajar da za su buɗe shi. Waya kan ɓace, kati kan lalace, kamfanin da ke ajiye hotuna a intanet kan rufe. A watan Fabrairun 2015, Vint Cerf, ɗaya daga cikin waɗanda suka aza harsashin intanet, ya yi gargaɗin cewa al'ummar da za ta zo nan gaba na iya rasa tarihin wannan ƙarni idan na'urorin karanta bayanan suka shuɗe, ya kuma shawarci mutane su buga hotunan da suke ƙauna a takarda.

Amma fa shi ma fim ba ya tsira daga lalacewa. Zafi da laima da gara da gobara sun cinye ɗimbin nagetif a shagunan hoto na Afirka, kuma launin fim mai launi yana kodewa da shekaru. Bambancin shi ne, hoton dijital ana iya kwafe shi sau dubu ba tare da ya ragu ba, in dai akwai mai kula da shi.

Wani sabon dalilin da ya shigo shi ne na gaskiyar hoto. A shekara ta 2023, wani Bajamushe mai suna Boris Eldagsen ya ƙi karɓar kyautar da ya ci a gasar hotuna ta duniya ta Sony, yana mai bayyana cewa ƙirƙirarriyar basirar kwamfuta ce ta samar da hoton. Tun daga lokacin ake ƙara jin masu cewa nagetif shaida ce ta cewa haske ya taɓa wani abu na zahiri a wata rana.

Sai dai wannan hujja tana da iyaka, domin tun kafin a san kwamfuta ake yi wa hotuna kwaskwarima. A Tarayyar Sobiyet ta zamanin Stalin an sha goge jami'an da aka yi fushi da su daga cikin hotunan gwamnati.

Masana'antun da suka rage

Da ba a samu masu ceto masana'antun ba, da duk wannan sha'awa ta tashi a banza, domin fim ba abu ne da ake yi a ƙaramin shago ba. Ana shafa sinadaran ne shimfiɗa bisa shimfiɗa a cikin duhu, a kan injuna masu tsawon gaske.

A shekara ta 2005 wasu manajojin Ilford suka sayi masana'antar da ke Mobberley a Ingila, suka ci gaba da aiki da sunan Harman. A 2008 wasu masu sha'awa suka karɓi masana'antar Polaroid ta ƙarshe a garin Enschede na ƙasar Holland, kuma a yau su ne ke riƙe da sunan Polaroid.

Masu shirya finafinan silima ma sun taka rawa. Bayan matsin lamba daga daraktoci irin su Christopher Nolan da Quentin Tarantino, manyan kamfanonin Hollywood sun cimma yarjejeniya da Kodak a 2015 cewa za su ci gaba da sayen fim. Wannan ciniki ya taimaka injunan birnin Rochester suka ci gaba da juyawa. Fim ɗin Oppenheimer na Nolan, wanda aka ɗauka a kan fim, ya lashe kyautar Oscar bakwai a 2024.

Kodak ya dawo da Ektachrome a 2018 bayan ya dakatar da shi a 2012, a shekara ta 2022 kuma ya ce yana neman ƙarin ma'aikata saboda buƙatar fim ta ƙaru. A ƙarshen 2023 Harman ya fito da fim mai launi na farko da ya yi da kansa, mai suna Phoenix.

Ƙalubalen da ke gaba

Duk da haka, kasuwar fim ta yau ƙarama ce ƙwarai idan aka kwatanta da ta shekara ta 2000, kuma tana tsaye ne a kan ƙafafu ƙalilan.

Kamfanonin da ke iya yin fim mai launi da yawa ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Fujifilm ya janye wasu samfuransa, ciki har da Pro 400H a shekara ta 2021, inda ya ce samun kayan haɗa shi ya yi wuya. Farashin fim ya yi ta hawa, ga kuɗin wanki, ga shi kuma azurfa kanta ba ta da araha.

Akasarin kyamarorin da ake amfani da su sun haura shekara 30 ko 40. Kamfanonin sun daina yin kayan gyaransu, masu gyaran da suka ƙware kuma suna tsufa. Canon ya daina sayar da kyamarar fim ɗinsa ta ƙarshe a 2018, Nikon kuma ya dakatar da F6 a 2020. Wannan ne ya sa fitowar Pentax 17 ta ja hankali, musamman ganin cewa tana raba gurbin kowane hoto gida biyu, ta yadda naɗi mai 36 zai ba da hoto 72.

Akwai kuma batun muhalli, domin ruwan wankin da aka gama aiki da shi yana ɗauke da azurfa, bai kamata a zubar da shi a kwata ba. Matafiya ma na kokawa da sababbin na'urorin binciken kaya a filayen jirgin sama, waɗanda haskensu ke iya ɓata fim ɗin da ba a wanke ba.

A ƙasashe masu zafi irin na yankin Sahel kuwa, wahalar ta ninka, tun da fim yana son ajiya a wuri mai sanyi, kuma akasarin gidajen wankin da ake da su a da sun rufe ko sun koma buga hotunan dijital.

Wani abin lura shi ne, yawancin masu ɗauka da fim a yau ba sa shiga ɗakin duhu. Gidan wanki ne ke wanke nagetif ɗin, ya mayar da shi hoton kwamfuta, ya aika musu ta waya, su kuma su sa a intanet. Wasu gidajen wankin ma na kokawa cewa masu hotunan ba sa dawowa karɓar nagetif ɗinsu.

Wato dai fim ba ya ƙoƙarin ƙwace kasuwa daga dijital, a gefenta yake rayuwa, har ma yana dogaro da ita. 'Yan jarida da likitoci da masu sana'ar hoton biki ba za su koma ba, domin aikinsu na buƙatar sauri da tabbas.

Ga waɗanda suka zaɓe shi kuwa, tsohuwar zuma ce da ake magani da ita. Ko za ta daɗe a kasuwa, wannan ya danganta ne ga ko masana'antun nan ƙalilan za su ci gaba da samun riba, da kuma ko za a samu matasan da za su koyi gyaran kyamarorin kafin tsofaffin masu gyaran su ajiye aiki.